Zayyana a Gefen Takarda: Adon Littattafan Hannu a Yammacin Zamfara

Abin da na ɗauko yau ƙarami ne a ido, watau zanen tawada da magabata ke ƙawata littattafai da shi, wanda muke kira zayyana.

Bari in fara da nesa. A Bagadaza, cikin shekarar 1237, wani gwani mai suna Alwasiɗi ya kwafe Maƙamatul Hariri, ya cika shi da hotunan raƙuma da fatake da alƙalai. Wannan littafi na hikayoyin Abu Zaidi mai wayo ya iso ƙasar Hausa, malamanmu suka riƙe shi babban littafin lugga. Amma hotunan ba su biyo shi ba. Marubucin ƙasar nan ya guji zana mai rai, ya kuma ware adonsa ga littattafai kaɗan: Alƙur'ani da farko, sa'an nan Dala'ilul Hairati na Aljazuli. Littafin hikaya da na tarihi, sai baƙar tawada, da ja a kan babi.

To, ina Zamfara a ciki? Bayan da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara wajen 1762, sarautar ta yi ta ƙaura har ta zauna a Anka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, a 1805 kuma jama'arsa suka yi zango a Sabon Gari. Ƙanensa Abdullahi ya ba da labarin wannan zamani cikin Tazyinul Waraƙat, a 1813. Ma'anar sunan ita ce ƙawata takardu, amma da baitoci ya ƙawata su, ba da zane ba. Inda malamai suka zauna haka, dole a sami masu kwafar littattafai, kuma sana'ar da suka yi daga Anka zuwa Gummi da Bukkuyum ita ce ta sauran ƙasar Hausa.

Ku dubi kayan aikin. Alƙalami na gamba ne ko na kara. Baƙar tawada daga bagaruwa da ƙaro. Ja na wasula ne, rawaya ta zarnihu ta hamza ce. Takarda kuwa baƙuwa ce: yawancin ta ƙarni na 19 daga arewacin Italiya take, mai tambarin jinjirin wata uku, ta ratso Sahara ta hanyar Tarabulus. Ba a ɗinke littafin. Warƙa-warƙa ake barinsa tsakanin fatu, a sa cikin gafaka, a rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan wanda ya gabata, don kada ya rikice.

Adon kansa yana da aiki. Da'irar da ke gefen shafi ita ke gaya wa mai tilawa ya kai sumuni, ko rubu'i, ko hizbi, ko wurin sujada. Babbar zayyana mai kusurwa huɗu, mai kama da saƙar tabarma ko aikin dukawa, takan raba Alƙur'ani kashi huɗu. A ganina, wanda ya kira wannan kwaikwayon Masar bai dubi sirdi da bangon soro na garinsu da kyau ba. Abin mamaki kuma, ƙasar Anka da Bukkuyum tana da zinariya, wadda haƙarta ta jawo gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, amma mai zayyana bai saba shafa zinariya a takarda ba, irin yadda aka yi a Alƙahira da Istambul. Rawayar tawada ta wadatar da shi.

Damuwata ita ce, abin da aka tara a Arewa House ta Kaduna da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, wani yanki ne kawai. Sauran suna gidajen magada. Da, gara da ɗigon damina ne abokan gabarsu. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a wannan yanki, kuma mai gudun tsira da rai da wuya ya tsaya neman gafakar kakansa. Littafin da ba a ɗinke ba kuwa, shafin zayyana ne ake fara zarewa daga cikinsa, ko don sayarwa ko don rabon gado.