Tafiyar da Masu Aikin Sa-kai a Yaƙi da Cutar Shan Inna a Arewacin Nijeriya, 2003–2020

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi yadda aka zaɓi masu aikin sa-kai a gangamin riga-kafin shan inna, da yadda aka biya su, aka kuma sa musu ido. Ta dogara ga rahotannin hukumomin lafiya na ƙasa da na duniya. Ta gano cewa gyaran da aka yi a waɗannan fannoni uku yana da babban kaso a nasarar da aka samu.

Gabatarwa

A shekarar 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da riga-kafin, bayan jita-jita ta bazu cewa ɗigon maganin yana hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004. A 2006 yaran da cutar ta kama a Nijeriya sun haura 1,000. Ko a 2012, cikin mutum 223 da ta kama a duniya, 122 'yan Nijeriya ne. Magani yana nan, kuɗi yana nan, amma ƙofofi a rufe suke.

Wa ake turawa?

A farkon lamari akan tura baƙin fuska, wani lokaci ma 'yan mata ƙanana, su yi sallama a gidan da ba a san su ba. Maigida ya ce a'a, magana ta ƙare.

A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, sai hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga aikin. A 2012 kuma UNICEF ta fara ɗaukar mata masu wayar da kai daga cikin unguwannin da ake yawan ƙin riga-kafi. Irin wannan mata takan riƙe rajistar masu ciki da ƙananan yaran yankinta, ta shiga gidan kulle ba tare da shamaki ba, ranar suna kuma ta zo a ɗiga wa jariri magani a gaban dangi. Waɗanda cutar ta naƙasa su ma suka riƙa bin gidajen da suka ƙi, suna nuna wa iyaye ƙafafunsu.

Biyan alawus

Wanda ya yini a rana yana bin lungu-lungu, in haƙƙinsa ya maƙale a hannun wani, zagaye na gaba ba zai fito da zuciya ɗaya ba. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɓullo da tsarin biyan ma'aikatan riga-kafi kai tsaye, domin rage hannuwan da kuɗin ke bi.

Sa ido

Ƙa'idar aiki ita ce a shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa, a rubuta alama da alli a bangon gida. Sai dai an sha samun masu shafa tawadar ba tare da ɗigon ba, da masu cike takardar ƙidaya a ƙarƙashin bishiya. Cibiyar ayyukan gaggawa da aka buɗe a Abuja a 2012, da rassanta a jihohi, ta sa ana bin sakamakon kowace mazaɓa. Aka riƙa ba ayarin ma'aikata wayoyi masu nuna inda suka taka, ƙauyen da aka tsallake sai ya bayyana a taswira, mai sakaci kuma a sallame shi.

Aikin bai rasa haɗari ba. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan riga-kafi tara a Kano, abin da ya nuna tsaron mai sa-kai nauyi ne a wuyan wanda ya tura shi.

Kammalawa

An ga cutar ta asali karo na ƙarshe a Borno a 2016, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita a ranar 25 ga Agusta, 2020. Rauni ɗaya da tsarin yake da shi shi ne dogaro ga kuɗin masu ba da tallafi daga waje. Maƙalar tana ba da shawarar jihohi da ƙananan hukumomi su sanya alawus da horon mata masu wayar da kai cikin kasafin kuɗinsu na shekara.