Saminu Bar Kokba: Almasihun da Mutuwa Ta Ƙaryata

'Yan'uwa, sau da yawa mukan yi mamakin yadda mutanen zamanin Yesu suka kāsa gane shi. Kafin mu ga laifinsu, bari mu dubi wanda suke jira.

Asalin kalmar Almasihu daga Ibraniyanci ne, ma'anarta shafaffe, wato wanda aka zuba wa mai a kā domin a keɓe shi. Da Helenanci sai aka ce Kiristi. Sarakuna da manyan firistoci ne akan shafe. A Ishaya 45 har Sairus, sarkin Farisa, an kira shi shafaffe, alhali ba Bayahude ba ne. Shi ya sa Yahudawa da yawa sarki suke sauraro, daga zuriyar Dawuda, wanda zai kori Romawa.

A shekara ta 132, kusan shekara ɗari bayan gicciye Yesu, sai ga wanda ya yi kama da hakan. Saminu bar Kosiba ya tayar wa Hadariyan, sarkin Roma, ya ƙwace yankuna a Yahudiya, har ya buga kuɗinsa. Littattafan Yahudawa sun ce babban malami Akiba ya shaida cewa shi ne Almasihu. Aka yi masa laƙabi Bar Kokba, ɗan tauraro, saboda tauraron da ke Littafin Ƙidaya 24:17. Akiba fa ba jahili ba ne, ya san Nassi ciki da bai.

Masu bi da ke ƙasar suka shiga tsaka mai wuya. Yaya za su bi wani almasihu, ga nasu? Justin Shahidi, wanda ya rayu a lokacin, ya rubuta cewa Bar Kokba ya sa a azabtar da Kiristocin da suka ƙi yin musun Yesu.

Wajen 135 garin Betar ya fāɗi, aka kashe Saminu, aka hana Yahudawa shiga Urushalima. A ƙarni na 12 Musa ɗan Maimun, babban malamin Yahudawa, ya yanke magana: tun da an kashe shi, an san ba shi ba ne.

A ganina nan ne hanya ta rabu. Mutuwar da ta rushe da'awar Saminu, ita ce manzanni suka sa a tsakiyar wa'azinsu, tare da tashi daga matattu. Ko almajiran nan biyu na hanyar Imuwasu, a Luka 24, da wannan lissafin suka bar Urushalima: an kashe shi, ke nan ba shi ne mai fansar Isra'ila ba.