Ganuwar Gogaram da hoton da ba mu ɗauka ba

A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, Jamus ta jera gine-ginen tsaro na kankare a gaɓar tekun Atilantika, tun daga Norway har kudancin Faransa. Da yaƙi ya ƙare aka watsar da su. Wani Bafaranshe, Paul Virilio, ya shiga bin gaɓar yana ɗaukar hotonsu tun 1958, ya fitar da littafi a 1975. Bai tsaya kan ginin kaɗai ba, yakan haɗa da rairayi da teku, don mai kallo ya gane ta ina ake tsoron zuwan abokan gaba.

Mu nan ba mu da teku, amma muna da namu. A ƙarni na 19 Mai Lawan Babuje ya haɗa kan Badawa, ya kewaye Gogaram da ganuwa, ya daina kai gaisuwa Borno. Daga baya ne fadar Bade ta dawo Gashua. Can wajen Geidam kuma ga kufan Birnin Ngazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, mayaƙan jihadi suka ci shi a 1808.

Inda muka bambanta da Turawa shi ne, nasu kankare ne, zai jira mai hoto ko bayan shekara ɗari. Namu ƙasa ce. Kowace damina ruwa ya ci, garma ta ci, mai neman ƙasar gini ma ya ɗebi rabonsa. Wanda bai sani ba zai wuce ya ɗauka tudu ne kawai.

Duk da haka, in an je bikin kamun kifi a Gogaram, wayoyinmu kan cika da hoton kanmu, ganuwa kuwa ko oho.

Mai niyya ya je bayan girbi, da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da inuwa ke fito da tudun. Ya tsayar da mutum a gindinsa don a ga tsayi. Sannan ya ja baya sosai har fadama da ruwa su shiga hoton, domin a ganina su ne rabin tsaron garin. Kafin komai a gaida mai gari a nemi izini, a tambayi dattawa sunan kowace ƙofa, a rubuta shi tare da ranar da aka ɗauka.