Daga En'e zuwa Asusun Haɗaka: Ina Ikon Ƙaramar Hukuma Ya Maƙale?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Mu ɗaliban Arewa gwanaye ne a musun siyasar Abuja. A hostal, a wurin mai shayi, a bakin lakca, kowa ya san sunan ministoci. Amma ka tambayi mutum sunan kansilan mazaɓarsa, sai ya fara sosa ƙeya. Galibinmu ba ma tuna sakatariyar ƙaramar hukuma sai ranar karɓo takardar shaidar zama ɗan asali. Alhali wannan gwamnatin ce aka ƙirƙira domin mutumin ƙauye kamar Bobi, da ke ƙaramar hukumar Mariga a masarautar Kontagora, ya samu hukumar da zai iya taka ƙafa ya je ya tuhuma. To ya aka yi ta koma ofishin sa hannu a takarda?

Mu faro daga baya. Bayan Turawa sun ci Kontagora a 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim ɗan Umaru Nagwamatse, ba su rushe sarauta ba. Sun mayar da ita En'e. Sarki ke sama, hakimai a ƙasa da shi, sai dagatai da masu unguwa. En'e na da baitulmalinta, da alƙalanta, da 'yan dokanta, da gidan yarinta. Da haraji da jangali take rayuwa, wato daga aljihun manomi da makiyayi. Iko kam yana kusa da talaka, har ma ya yi masa kusa da yawa, domin ba shi da bakin cewa a'a. Wannan ne ya haifi gwagwarmayar NEPU ta su Malam Aminu Kano tun 1950.

Sojoji ne suka fara fige En'e. Bayan Gowon ya raba ƙasa jiha 12 a 1967, aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna. Amma babban sauyin sai a 1976. Ranar 1 ga Oktoba 1975 Janar Murtala Muhammad ya bayyana jadawalin miƙa mulki ga farar hula zuwa 1979, kuma gyaran ƙananan hukumomi na cikin matakan. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 aka yanko Jihar Neja daga Jihar Arewa maso Yamma, kwana 10 bayan haka aka kashe Murtala. Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa suka ƙarasa aikin.

Me gyaran 1976 ya kawo? Tsari guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, ƙananan hukumomi 301, kowace an so ta ƙunshi mutum 150,000 zuwa 800,000. An amince da su a matsayin mataki na uku na gwamnati, mai kaso daga asusun tarayya. Sarakuna aka mayar da su majalisar masarauta, masu ba da shawara. Masarauta kamar Kontagora, wadda da En'e guda ce, yau ta kasu tsakanin ƙananan hukumomi irin su Kontagora, Mariga, Magama, Rijau da Mashegu.

Ku lura da wannan wurin, domin shi ne ƙashin bayan maganar. An yi zaɓen kansiloli a ƙarshen 1976, ba tare da jam'iyyu ba. Waɗannan kansilolin ne a 1977 suka zaɓi mafi yawan wakilan majalisar da ta tantance kundin tsarin mulkin 1979. A wannan zangon ne ma matan Arewa suka samu 'yancin jefa ƙuri'a. Kun ga kenan, dimokuraɗiyyar Jamhuriya ta Biyu a kan ƙaramar hukuma ta taka ta hau.

Amma da ta hau fa? Sashe na 7 na kundin 1979 ya ce dole ƙananan hukumomi su kasance zaɓaɓɓu. Duk da haka, daga 1979 zuwa 1983 gwamnonin farar hula ba su yi zaɓen ba. Kantomomi suka riƙa naɗawa, suna ta ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi don sallamar magoya baya. Da Buhari ya zo ya soke ƙarin, ya mayar da su 301, ya kafa kwamitin Alhaji Ibrahim Dasuki a 1984 ya sake duba tsarin.

Babangida, ɗan Minna, shi ma da zaɓen ƙananan hukumomi ya buɗe nasa shirin miƙa mulki a Disambar 1987. Ya ƙara yawansu har suka kai 589 a 1991, ya ɗaga kasonsu zuwa kashi 20 cikin 100, ya sa a riƙa tura musu kuɗi kai tsaye. Abacha ya kai su 774 a 1996, Neja na da 25 a ciki. Sai wani ɗan Minnan kuma, Janar Abdulsalami Abubakar: zaɓen ƙananan hukumomi na 5 ga Disamba 1998 shi ne ma'aunin da aka yi wa jam'iyyu rajista da shi, PDP da APP da AD suka tsallake.

Sau uku kenan ana hawa tsani ɗaya, in an kai sama sai a ture shi. Kundin 1999 ya sake alƙawarin zaɓaɓɓun majalisu a sashe na 7, amma sashe na 162 ya ce kuɗinsu ya biyo ta asusun haɗaka da jiha, zaɓensu kuma hukumar zaɓen jiha ce ke shirya shi. Kowa ya san yadda sakamakon yake fitowa: jam'iyyar gwamna ta kwashe kusan komai. Ciyaman ɗin da gwamna ya ɗora, kuɗinsa kuma ta hannun gwamna yake zuwa, wa kuke ganin zai ji tsoro, mutumin Bobi ko gidan gwamnati?

Akwai wani ɓangaren da ba mu cika faɗa ba. En'e, duk da zaluncinta, dole ta san adadin gidaje da shanu, domin da su take ci. Ƙaramar hukumar yau rabon wata take jira daga Abuja, ko an yi noma ko ba a yi ba. Hukumar da ba ta buƙatar aljihunka, da wuya ta buƙaci ra'ayinka. An ƙwace iko daga fada da sunan za a ba talaka, sai ya sauka a wani wurin daban.

Wannan ba labarin littafi ba ne kawai. Makarantar firamare, asibitin sha-ka-tafi, kasuwar ƙauye, hanyar da ke kai amfanin gona bakin titi, duk suna cikin abin da kundin ya rataya wa ƙaramar hukuma ko ya ba ta hannu a ciki. Bobi na da sanannen makiyayar gwamnati, yankin Mariga kuma ya sha fama da 'yan bindiga. A irin wannan wuri, rashin hukuma ta kusa mai kuɗi da iko, wadda za ta zaunar da manomi da makiyayi tun rigima tana ƙarama, ba ƙaramar asara ba ce.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar: a biya ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Hukunci ne mai kyau. Sai dai tarihin da muka bi ya nuna cewa takarda ba ta taɓa yin ƙaranci ba, tun 1976 ake rubuta ta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu bin sawu. In kuɗi ya iso Bangi, hedikwatar Mariga, babu mai tambaya, to mun sauya mai riƙe da cokali ne kawai.

A nan ne aikinmu yake. Ana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga rabon tarayya duk wata, da wayarka za ka iya nemowa. Ƙungiyoyinmu na ɗaliban gari su rage walimar yaye ɗalibai kaɗai, su sa zama da ciyaman a kan kasafin kuɗi cikin ajandarsu. In an tafi hutu, a nemi kansila, a tambaye shi cikin ladabi: nawa ya shigo, me aka yi da shi?

Kai da ka karanto har nan, rubuta mana sunan ƙaramar hukumarka da na kansilanka a ƙasa, mu ga mu nawa ne suka sani. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa.