Dokar Karo Uku ta Kalifoniya: Yadda Ta Faro da Inda Ta Kai

Duk lokacin da aka yi wani mummunan kisa, a gida ko a nan Amurka, sai in ji 'yan uwa a zauren ƙungiyarmu suna cewa a tsananta hukunci ga wanda ya saba aikata laifi. Ni ma ba na tausayin ɗan fashin da aka saki ya koma ruwa. Sai dai jihar Kalifoniya, inda nake zaune, ta gwada wannan magani shekara talatin da suka wuce, kuma ya kamata mu san abin da ya biyo baya.

A watan Yuni na 1992, wasu mutum biyu a kan babur suka harbe wata budurwa 'yar shekara 18, Kimber Reynolds, a garin Fresno, garin fizge mata jaka. Dukansu tsofaffin 'yan kurkuku ne. Mahaifinta, Mike Reynolds, mai ɗaukar hoto, ya tsara daftarin doka ya kai majalisar jiha, aka yi watsi da shi. Sai a watan Oktoba na 1993 wani Richard Allen Davis ya sace yarinya 'yar shekara 12, Polly Klaas, daga ɗakinta a Petaluma, ya kashe ta. Watanni kaɗan kafin nan aka sake shi, bayan ya yi kusan rabin ɗaurin shekara 16 da aka yanke masa kan satar mutum. Daga nan babu ɗan siyasar da ya iya tsayawa gaban fushin jama'a. Gwamna Pete Wilson ya sa hannu a watan Maris na 1994, kuma a Nuwamba kusan kashi 72 cikin ɗari na masu zaɓe suka amince.

Sunan dokar daga wasan besbol aka aro shi, inda wanda ya kuskure ƙwallo sau uku yake fita. Wanda ke da babban laifi ɗaya a baya, a ninka masa hukunci. Mai biyu kuwa, na ukun zai ja masa shekara 25 zuwa rai da rai.

A nan gizo ke saƙa. Dokar ba ta ce sai laifi na uku ya zama na zubar da jini ba, kuma a wancan lokacin ƙaramar sata tana iya zama babban laifi ga wanda ya taɓa sata. Leandro Andrade, tsohon soja mai fama da shan ƙwaya, wanda aka taɓa ɗaurewa kan fasa gidaje, ya saci kaset na bidiyo tara daga shagunan Kmart biyu a 1995. Kuɗinsu dala 153 ne da 'yan kai. Aka yanke masa shekara 50 zuwa rai da rai. A 2003 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin, alƙalai biyar sun yarda, huɗu sun ƙi. Ni dai a ganina dokar da aka yi saboda Davis bai kamata ta auna shi da Andrade a mudu ɗaya ba.

Laifuffuka sun ragu ƙwarai a Kalifoniya bayan 1994, masu goyon bayan dokar suna kafa hujja da haka. Amma raguwar ta fara tun kafin dokar, kuma jihohin da ba su yi irinta ba su ma sun ga sauƙi. Kurkukun jihar kuwa suka cika maƙil, kusan ninki biyu na abin da aka gina su don ɗauka, har Kotun Ƙoli ta ba da umarnin rage cunkoso a 2011. A 2012 masu zaɓe suka gyara dokar da kansu: in ban da wasu keɓaɓɓun shari'o'i, sai laifi na uku ya zama babba ko na ta'asa kafin a yanke rai da rai. Fiye da fursunoni dubu biyu suka fito. A 2024 kuma iska ta sake juyawa, aka ƙara hukuncin masu maimaita sata a shaguna.

Akwai wani reshe na wancan zamani da ya fi shafar mu baƙi. Dokar shige da fice ta 1996 ta faɗaɗa jerin laifuffukan da ke jawo kora daga ƙasa. Satar da aka yanke wa mutum shekara ɗaya a kanta, ko da alƙali ya jingine ɗaurin, tana iya sa a tisa ƙeyar mai takardar zama na dindindin zuwa gida. Wannan dokar tana aiki har yau, kuma ta hau kan yaranmu da aka kawo suna ƙanana waɗanda ba su karɓi shaidar zama 'yan ƙasa ba.