Ruwan Ɗufana da Biranen da Ake Cewa Sun Nutse

A ranar 3 ga Disamba, 1872, wani ma'aikacin Gidan Tarihi na Birtaniya mai suna George Smith ya tsaya gaban taron masana a Landan, har da Firayim Minista Gladstone a cikinsu, ya karanta abin da ya fassaro daga wani ɓallin allon yumɓu. An tono allon ne a kangon ɗakin karatun Sarki Ashurbanipal da ke Nainawa, daura da birnin Mosul na Iraƙi. Labarin da ke cikinsa na wani mutum ne, Utnafishtim, wanda aka yi wa gargaɗin ambaliya, ya ƙera jirgi, ya ɗebi iyalinsa da dabbobi, jirgin ya tsaya kan dutse, sannan ya saki tsuntsaye don ya gane ko ruwa ya janye. Wannan shi ne allo na 11 na labarin Gilgamesh. Daga baya an gano wasu da suka girme shi, kamar na Atrahasis, wanda aka kwafa kimanin shekara 1,600 kafin Miladiyya.

Ga Musulmi da Kirista, ƙissar Annabi Nuhu (AS) al'amari ne na imani, ba ta jiran shaidar mai tono. Tambayar da masana tarihi ke yi daban ce: me ya sa al'ummai masu nisa da juna suke da labarin ruwan da ya halaka mutane? Indiyawa suna da Manu da kifin da ya cece shi, Girkawa suna da Dukaliyon da matarsa Fira, Sinawa kuma suna da Yu, wanda ya haƙa magudanai ya shawo kan ambaliya. Daga nan wasu suka yi tsalle zuwa wata magana mai girma, cewa labaran nan duk ragowar tunawa ce da wata wayewa mai ƙarfi da ruwa ya shafe tun kafin a san rubutu.

Sashe na farko na wannan magana gaskiya ne: ruwa ya ci ƙasa mai yawa. Kimanin shekara 21,000 da suka wuce, ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai da na Amurka, ta riƙe ruwa mai yawan gaske, har bakin teku ya kasance ƙasa da na yau da kusan mita 120. A lokacin ana iya takawa daga Faransa zuwa Ingila, Tekun Fasha kuwa kwari ne da koguna ke ratsawa. Da ƙanƙarar ta narke, teku ya hau. Mutane na zaune a wuraren da ya cinye. A 1931 wani jirgin kamun kifi ya ciro tsinin mashi na ƙahon barewa daga ƙasan Tekun Arewa, yankin da ake kira Dogaland yanzu. A gaɓar Haifa akwai Atlit Yam, ƙauye mai shekara kusan 9,000 da ke kwance cikin ruwa mita 8 zuwa 12, da rijiyarsa da kaburburansa. A Ostareliya, Patrick Nunn da Nicholas Reid sun tattara labaran 'yan asalin ƙasar daga wurare 21 na bakin teku, masu bayyana filayen da ruwa ya haɗiye fiye da shekara 7,000 baya. Idan fassararsu ta tabbata, baki yana iya riƙe tarihi fiye da yadda ake zato.

Sai dai ba kowane laka ne shaidar Ɗufana ba. A 1929 Leonard Woolley ya tarar da shimfiɗar taɓo mai kaurin kusan mita 3 a birnin Ur, ya shelanta cewa ya gano ambaliyar da ake faɗa. Bincike ya nuna taɓon bai ma game birnin duka ba, kuma irinsa da aka samu a Kish da Shuruppak na zamanai ne daban. Abin da ya tabbata shi ne Dajla da Furatu sun sha yin ambaliya. Haka ra'ayin William Ryan da Walter Pitman na 1997, cewa Bahar Rum ya ɓalle cikin Bahar Aswad kimanin shekara 7,600 da suka wuce, har yau masana na jayayya kan saurin abin da girmansa.

Sashe na biyu, wato ɓatacciyar daula mai fasaha, tushensa ɗaya ne. Aflaton ya kawo labarin tsibirin Atlantis cikin littattafansa biyu, Timaeus da Critias, wajen shekara ta 360 kafin Miladiyya, a matsayin izina kan girman kai. Babu wani marubuci da aka sani ya ambaci tsibirin kafinsa. Ignatius Donnelly, ɗan siyasar Amurka, shi ya mayar da misalin tarihi a littafinsa na 1882. Graham Hancock ya sabunta shi a 1995, sannan a shirinsa na Netflix a 2022.

Matsalar ita ce wayewa ba ta tafiya ba ta bar juji ba. Dalmar da Rumawa suka narka ta bar alama a cikin ƙanƙarar Girinlan, ana auna ta har yau. Daular da ta yi jiragen ruwa ta zaga duniya dole ta bar ramukan ma'adinai, da tukwane, da ƙasusuwan dabbobin gida, da irin hatsin da ta yaɗa. Ba a samu ko ɗaya daga wancan zamani ba, alhali ana samun murhun mafarauta da kibansu. Masu ra'ayin kan kafa hujja da Gobekli Tepe na ƙasar Turkiyya, inda Klaus Schmidt ya fara tono a 1995, aka sami ginshiƙan dutse masu tsawon fiye da mita 5 da aka kafa kusan shekara 11,500 da suka wuce. Amma kayan aikin da ke wurin na dutse ne, ƙasusuwan kuma na namun daji. Wurin ya nuna cewa mafarauta sun fi ƙarfin rainin da aka yi musu. Bai nuna wani baƙo ya zo ya koya musu ba.

A nan ne batun ya taɓa mu. A 1910 Bajamushe Leo Frobenius ya isa Ile-Ife, ya ga kyawun kawunan da aka ƙera a can, sai ya ce aikin mutanen Atlantis ne. Haka aka daɗe ana jingina ganuwar Babbar Zimbabuwe ga Finiƙawa, har sai da tonon Gertrude Caton-Thompson na 1929 ya ƙarfafa cewa 'yan Afirka ne suka gina ta. Duk lokacin da aka ce wata ɓoyayyiyar al'umma ce ta koyar da mutane gini da noma, akwai waɗanda ake ƙwace wa aikin kakanninsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ɓataccen tarihi na gaske kuwa yana nan ƙarƙashin ƙasarmu. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda aka auna shekarunsa kusan 8,000. Shi ne mafi tsufa da aka sani a Afirka, daga zamanin da Tafkin Cadi ya ninka girmansa na yau sau da yawa. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, ayarin Paul Sereno ya gano a 2000 maƙabartar masunta da suka rayu a bakin tafki, inda yau babu komai sai rairayi. Su ba ruwa ne ya kore su ba, ƙafewarsa ce.

Ba a san sunayen mutanen Dogaland, da na Atlit Yam, da na Dufuna ba. Abin da aka sani shi ne sun ga yanayi ya juya musu baya, sun kwashe 'ya'yansu sun nemi tudu ko sabon mashaya. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi wa Maiduguri a watan Satumba na 2024 ba ya bukatar Atlantis kafin ya gane dalilin da ya sa irin wannan labari ba ya mutuwa a bakin jikoki.