Daga Jinin Asibi Zuwa Yau: An Samu Rigakafi, Ana Jiran Magani

A shekarar 1925 Gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta buɗe ɗakin bincike a Yaba, cikin Legas, domin gano musabbabin zazzaɓin shawara. A watan Yunin 1927 aka ɗebi jinin wani matashi ɗan Gana mai suna Asibi, wanda zazzaɓin ya kwantar, aka sa wa biri. Birin ya kamu. Tun daga ranar ƙwayar cutar ta shiga hannun masana.

Aikin ya ci rayuka. Dakta Adrian Stokes ya rasu a Legas a 1927, Dakta Hideyo Noguchi ɗan Japan ya bi shi a Akara a 1928, dukansu cutar da suke bincike ce ta yi ajalinsu. Daga ƙwayar jinin Asibi ne Max Theiler ya samar da rigakafin 17D a 1937, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 1951. Allura ɗaya tana kare mutum tsawon rayuwarsa.

Sai dai wanda sauro mai ɗauke da cutar ya riga ya harba, har yau babu maganin da zai kashe masa ƙwayar. Haka abin yake ga zazzaɓin denge, Zika da cikungunya. Ƙwayar tana hayayyafa ne a cikin ƙwayoyin jikin mutum, kuma kwanaki kaɗan take yi a jini. Kafin majinyaci ya isa asibiti, sau da yawa ɓarnar ta riga ta auku.

Masana ba su zauna ba. An gwada kulorokwin a kan denge a Biyetnam, an gwada celgosivir a Singafo, duk ba su yi tasiri ba. A Birazil an jarraba sofosbuvir, maganin ciwon hanta, a kan masu shawara lokacin annobar 2018. Jami'ar Leuven ta Beljiyam da kamfanin Janssen sun fito da wani magani mai hana ƙwayar denge hayayyafa, amma a 2024 kamfanin ya dakatar da gwajinsa a fili.

Mu a nan abin ya shafe mu kai tsaye. Shawara ta ɓarke a yankin Jos a 1969, a Binuwai a 1986, a Alkaleri ta Jihar Bauci a 2019. Wajibi ne gwamnatocinmu su zuba kuɗi a wannan bincike. Kafin maganin ya samu, mai karatu, ka kai iyalinka a yi musu allurar rigakafi.